Igiyar Linzamin Goɗiyar

Aikina na farko bayan jami'a a wata barga ne a bayan Dubai, ina taimaka wa likitan dabbobi. Dawakin nan ba na sukuwa ba ne. Taku ake koya musu, mai kama da rawa, wuya a lanƙwashe.

Akwai wata baƙar goɗiya da wani dattijo ɗan Damagaram yake kula da ita. A unguwar Al Nahda muke kwana gida ɗaya ni da shi, mota ɗaya take kwaso mu. In ya hau ta da safe, sakin igiyar linzami yake yi, ta miƙe wuya tana tafiya lafiya. In mai horar da dawakin ya hau, sai ya taƙaita igiyar har haɓarta ta kusa taɓa ƙirji. Nan za ta fara buɗe baki, tana kaɗa jela, tana ja da baya.

"Lokotoro, leƙa bakinta," in ji dattijon, haka yake kirana, wato likita. "Ko sai an rubuta maka a littafi?"

Na leƙa. Gefen leɓen ya tsage, harshen ya yi duhu.

Na aro ƙaramin sikelin da wani ɗan Kano yake auna jakunkunan kaya da shi, na ɗaura tsakanin igiya da linzami, dattijon ya hau. Da ya taƙaita kamar na mai horarwa, allurar sikelin ta yi nisa. Da ya saki, ta sauko. Sau biyu kawai na gwada, kuma sikelin ba na wannan aiki ba ne. Abin ya tsaya min a rai.

Ranar da goɗiyar ta miƙe tsaye ta kayar da 'yar mai ita, mai horarwa ya ce dattijon ne ya ɓata ta da sakin igiya. Manaja ya kira ni ofis don jin ta bakina, dattijon na tsaye a bakin ƙofa.

Na ce mai yiwuwa gajartar igiyar na da hannu, amma ba zan iya tabbatarwa ba, sai an ƙara bincike.

"Wato ba ka sani ba," in ji manaja. "Khalas, shi ke nan."

A satin aka soke bizar dattijon. Na riƙe masa jaka zuwa bakin titi, ina ta bayanin sikeli.

"Baba, ka gane, gwaji biyu ba hujja ba ne."

"Na gane, lokotoro," ya ce. "Ka riƙa shafa mata man kaɗanya a leɓe. Ba ta son na kwalba."