Maƙwabtan Inna Mariyatu

Ku matso, wannan ba ta Gizo ba ce. Idan ka fita Sakkwato ta wajen Minanata har gidaje suka ƙare, akwai gonar geron Inna Mariyatu, mai sayar da daddawa a Ƙofar Taramniya. A gefen gonar wasu baƙaƙen duwatsu ne a tsaye, sun yi zobe kamar dattawa a zaman shawara. Tsakiyarsu tarin ƙananan duwatsu ya yi tudu. Kabari ne, in ji kowa. Na wa? Allah masani. Masu shi sun riga ganuwar birni, sun riga duk wani sarki da maroƙa suka san sunansa.

Tana amarya ta fara zuwa gonar. Uwar mijinta ta miƙa mata tsintsiya ta ce, "Tafi ki gaida maƙwabta." Ta waiga, ba gida ba bukka. Tsohuwa ta nuna mata duwatsun.

Tun ranar take share wurin, ta tsince ƙaya, ta kori awaki. Garma ba ta taɓa shiga zoben ba. Da wasu suka fara tsegumi wai bautar duwatsu take yi, ta tambayi Malam Sa'ad, limamin unguwarsu. Ya ce roƙon duwatsu ko na kabari ne babu kyau, amma maƙwabci ko wane iri ne yana da haƙƙi. Ta haifi 'ya'ya, ta binne miji, gashinta ya yi fari fat, duwatsun suna nan yadda ta same su. Ta ce mini in ka dafa babban dutsen da la'asar, ɗuminsa sai ka ce bayan mutum mai barci.

Bara hukumar kayan tarihi ta kewaye wurin da waya, ta sa ƙofa da kwaɗo. Inna ta ji daɗi, don magina sun fara zuba wa duwatsun ido. Amma da ta zo da tsintsiyarta, sai mai gadi, Irmiya, mutumin Filato, ya tare ta.

"Mama, baƙi sai da izinin ofis."

"Mi ka ce, ɗana? Ni ba baƙuwa ba ce. Maƙwabciya."

"Maƙwabciyar wa?"

Ta nuna tudun da tsintsiya. "Tun ba a haife ka ba nike gaishe su. In sun ji shiru, mi za su ce?"

Irmiya ya daɗe yana kallon tudun. Can garinsu, a kan dutse, kakan kakansa na kwance ƙarƙashin irin wannan tari, kuma tun da dangi suka watsu birane ba mai cire masa ciyawa.

Ya zaro mabuɗi. "Baƙi aka ce in hana. Ba a ce mini komai a kan maƙwabta ba."

Ta shiga, ta yi sallama ƙasa-ƙasa, sannan ta juyo. "Kai ma taho ka gaishe su, tunda nan kake wuni."

Ya tuɓe takalmansa ya bi bayanta.