'Yar Inna ta Kan Dutse

Ina da ƙanwa Balarabiya a kan duwatsun da ke kudu da Ɗa'ifa, wadda sai da na haura shekara arba'in na fara ganin fuskarta. Ba uwarmu ɗaya ba, ba ubanmu ɗaya ba. Nono muka sha ɗaya.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban a-kori-kura ne. Duk lokacin zafi yakan hau wani ɗan ƙaramin gari a can saman dutse, ya ɗauko inabi ya sauko da shi kasuwar Makka. Shekarar da aka haife ni, matar wani manomi da yake yi wa dako ta sha wuya wajen haihuwa, aka sauko da ita asibiti a motar Baba, ta daɗe a kwance. Jaririyar ba mai shayar da ita, sai Baba ya kawo ta gidanmu a unguwar Tandabawi ta Makka, Inna ta haɗa mu a ƙirjinta har wata da watanni. Da uwar ta warke suka koma garinsu. Baba ya ci gaba da kai gaisuwa yana dawowa da zabibi har ya rasu. Daga nan zumuncin ya koma na waya, daga Sallah sai Sallah.

A shekarun nan da azumi yake faɗowa tsakiyar zafi, idon Inna ya fara mutuwa, ƙafafunta suka yi nauyi. Wata rana bayan ƙaramar Sallah na dawo daga shagona da ke unguwar Mansur, na tarar da ita zaune a kan darduma, ta naɗe kayanta a ɗankwali.

Ta ce, "Ka kai ni wurin 'yata."

Na ɗauka yayata take nufi, wadda ke aure a unguwar Utaibiyya. Na ce bari in sha ruwa mu tafi.

Ta ce, "Ba ita ba. Ta kan dutse."

Na kawo mata maganar hawan jini, na kawo ta nisan hanya. Ta bar ni na gama sannan ta ce, "Ina yarinya na ratsa Sudan da ƙafata. Yanzu dutse ɗaya ne zai gagare ni, a cikin mota?"

Mun bar Makka da hantsi, iskar gari kamar bakin tanderu. Da muka fara hawa, hanya tana naɗewa tana warwarewa, sai Inna ta ce in kashe na'urar sanyi in buɗe mata taga. Ta miƙa hannu waje kamar mai taɓa ruwa. Birai na zaune a kan katangar hanya suna kallon motoci. Na gaya mata, ta yi dariya ta ce Baba ya sha ba ta labarinsu, ita kuwa ta ɗauka ƙari yake yi.

Garin bai fi unguwa ɗaya ta Makka ba. Gidajen dutse, masallaci ƙarami, gonaki an yanka su hawa-hawa a jikin tsauni, kowane hawa da rumfunan inabi. Kusan kowane gida da sana'arsa ta gado: wasu su shanya zabibi, wasu su dafa ruwan inabi har ya yi kauri kamar zuma, shi suke kira dibis, wasu kuma su yi khal, ruwan tsamin inabi da ake zubawa a abinci. Ƙamshin zaƙi da tsami ya cika lungunan.

Ƙanwata na tsaye a ƙofar gida cikin baƙin mayafi, fuska a rufe, maƙwabta biyu-uku na leƙe daga nesa. Na fito da Inna daga mota a hankali. Matar nan ta taho da sauri, ta durƙusa ta kama hannuwan Inna tana sumbata, tana cewa "Ya ummi, ya ummi," wato ya uwata. Inna ta lalubi kanta, ta ce da Larabcinta na Makka, "Buɗe in gan ki." Alhali ba gani take yi ba. Matar ta yaye mayafin, Inna ta bi goshinta da kumatunta da yatsu, ta ce da Hausa, "Kin tsufa, 'yar nan."

Ni na kau da kai, kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Sai ta juyo, fuska a buɗe, ta ce, "Don me kake kallon ƙasa, ya akhuya? Ba ɗan'uwana ba ne kai?" Ta faɗa da ƙarfi, yadda masu leƙe za su ji. Na ɗaga ido. Mace ce siririya, rana ta dafa fuskarta, furfura ta fito mata a gefe kamar yadda ta fito mini.

Iyayenta sun rasu, mijinta ma ya rasu, ita ke riƙe da gonar. Bayan gahawa ta zagaya da mu. A bayan gida akwai wata babbar tukunya a kan murhu, ruwan inabi na tafasa a hankali, tana kwashe kumfa da dogon ludayi. Ta ɗiga wa Inna ɗan dibis a yatsa. Inna ta lasa, ta ce da wannan Baba yake cin gurasa da safe. A kan soro an baza inabi a tabarmi yana komawa zabibi, zanzaro na shawagi a kai.

Labari ya bazu cewa uwar da ta shayar da ita ta zo, sai gidaje suka fara aiko a kai mu. Ba a ƙin irin wannan kira. Mun shiga gida bayan gida, kowa na so a ɗanɗana nasa, kowa na rantsuwa inabin hawansa ya fi na maƙwabcinsa. Wanda ya fi zauna mini a rai wani dattijo ne mai yin khal. Ya shigar da ni wani ɗaki mai duhu da sanyi, randuna jere an rufe bakinsu da ƙyalle. Ya nuna mini yadda yake zuba tsohon khal a kan sabon ruwa tun ranar da aka matse, don kada ya bi hanyar da Allah ya hana. Ya ce randar da ke lungu ta kakansa ce, ba ta taɓa zama wayam ba. Sai ya dube ni da kyau, ya tambaya ko ni ɗan direban nan ne baƙi dogo, mai raira karatu idan yana ɗaure kaya. Na ce ni ne. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya yi wa Baba addu'a, ya ce yawancin waɗanda suka san shi suna maƙabartar da ke ƙasan hanya.

Da la'asar muka zauna a ƙarƙashin rumfa mafi tsufa a gonar ƙanwata. Daga nan na ga abin da ban lura da shi ba da farko: hawa-hawan da ke ƙasa duk sun bushe, itatuwan inabin sun zama ƙirare. Ta ce ruwan sama ya yi ƙaranci, rijiya ta ja baya, dole ta zaɓi waɗanda za ta shayar ta bar sauran. 'Ya'yanta maza suna Jidda, suna aiki, suna ta roƙonta ta sayar ta koma wurinsu.

Inna ta ce, "To me kika ce musu?"

Ta ce, "Na ce su bari in mutu tukuna."

Inna ta jawo ta, ta kwantar da kanta a cinyarta. Mace mai jikoki ta kwanta kamar yarinya, Inna na shafa gashinta tana gaya mata irin rigimar da ta yi tana jaririya, yadda ba ta yarda in riga ta kama nono. Rabi da Larabci, rabi da Hausa. Ban fassara ba, ba ta kuma nema ba. Gajimare ya sauko ya rufe kwarin da ke gabanmu, sanyi ya fara shiga, na tashi na ɗauko wa Inna bargo a mota.

Mun kwana biyu muka sauko, bayan mota cike da kwanduna. Inna ta raba wa maƙwabta, tana gaya wa kowa daga gonar 'yarta ne.

Ba ta sake hawa dutsen ba. Da sanyi ya shigo ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Ranar da ta cika na kira ƙanwata, ban iya haɗa maganar ba, ita ta fahimta. Ta sa ɗanta ya baro Jidda ya ɗauko ta, ta iso kafin a yi wanka. Ita da yayata suka wanke Inna, suka sa mata likkafani. Aka sallace ta a Harami bayan la'asar.

Da muka dawo daga maƙabarta, gida ya cika da matan unguwa, tsofaffin ƙawayen Inna daga Mansur da Utaibiyya, ana ta gaisuwa da Hausa. Ƙanwata ta same ni a soro ta tambaye ni me suke cewa, kuma me ake amsawa. Na gaya mata suna cewa Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri, ita kuma ta ce amin, na gode. Ta maimaita har bakinta ya kama. Sannan ta shiga ta zauna kusa da yayata, a wurin da 'ya'ya ke zama, matan suna bi ɗaya bayan ɗaya suna yi musu ta'aziyya su biyun.