Faifan Auta

Baba Tir ake ce masa a layin masu gyara, kuma bakinsa ne ya jawo masa. Mutum ne mai ƙyanƙyami, sai Allah ya haɗa shi da sana'ar buɗe cikin kayan mutane. Za ka ga mutum fes-fes, yana ƙamshin turare, ya dire na'urar DVD a kan tebur. Ana kwance murfi sai kyankyasai su watse, ga kashin ɓera, ga maiƙo ya daskare a bakin tiren faifai. Baba zai ja da baya, ya yamutsa fuska, ya ce, "Tir! Kallo kuke yi da ita ko miya kuke dafawa a ciki?"

Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma bidiyon kaset, da faifai ya zo ya bi shi. A nan ya yi suna. Masu ƙera kayan nan sun raba duniya yanki-yanki, kowane yanki da lambarsa. Faifan da aka sayo a ƙasar waje, na'urar nan ba ta karɓarsa, sai ta rubuta a fuskar talabijin cewa ba yankinsa ba ne. Wannan ma abin tir ne a wurin Baba. "Ka sayi abu da guminka, wani ƙato a wata uwa duniya ya ce ba za ka kalla a ɗakinka ba? Rashin ta-ido!"

Shi kuwa ya san lambobin da ake dannawa a rimot, tire yana buɗe, kwaɗon da suka sa wa na'urar ya saki. In an wuce nan, sai hoton ya fito baƙi da fari yana birgima, don tsarin talabijin ɗinsu daban yake da namu. Wannan ma ya san inda ake juya shi. Kuma ba ya sallamar na'ura sai ya zauna ya gwada ta da faifan mai ita. Ta haka ya sha kallon mutanen can, yadda suke biki, yadda suke makoki, ko da yake yarensu bai fi ya tsinci kalma ɗaya-biyu ba.

Da wayar hannu ta kashe kasuwar faifai, duk layin suka koma gyaran waya. Baba ya ƙi. Ya zauna cikin tsofaffin na'urorinsa, yana kakkaɓe ƙura yana tsaki.

Abu guda ne bai taɓa cewa tir a kansa ba, shi ne Auta, ɗansa da ya tafi ƙasar waje karatu ya zauna. Da farko yana kira, daga baya kiran ya ja baya, daga nan lambar ma ta daina shiga. Ana cikin haka hawan jinin ido ya kama Maman Auta. Na hagu ya tafi, na dama yana bin sahu, likita kuma ya ce abin ba ya komawa baya. Ba ta da wata magana sai ɗaya: "Malam, ni dai in ga fuskar yaron nan kafin ɗayan ma ya rufe."

Rannan wani ɗan kasuwa maƙwabcinsu ya dawo daga tafiya, ya biyo gida da faifai. Ya ce abokin Auta ne ya ba shi, wai Auta ya yi aure, a kai wa iyayen su gani da idonsu. Maman Auta ta rungume faifan kamar jariri. Aka saka a na'urar gida, na'urar ta rubuta ba yankinsa ba ne.

"Har faifan biki sai sun sa wa kwaɗo? Tir!" in ji Baba. Ya kinkimi na'urar da faifan ya yi shago.

Nan da nan ya buɗe ta, ya daidaita hoton, kala ta zauna. Ga Auta kuwa, ya yi ƙiba, ya sha kwat, ga amarya a gefe. Baba har ya yi dariya shi kaɗai. Sai mai ɗaukar hoto ya juya kan wani ɗan tebur a gefen zauren. Hoto ne a kai cikin firam, shi da Maman Auta, wanda aka ɗauke su a ƙofar shagon nan ranar da yaron zai tafi. An kunna kyandir biyu a gabansa, an ɗaura baƙin ƙyalle a kusurwa. Auta ya tsaya a wurin, ya yi magana, ya share hawaye. Jama'a suka sunkuyar da kai, aka yi shiru.

Baba ba ya buƙatar tafinta. Ya ga irin wannan teburin a faifan mutane ya fi a ƙirga, kuma ya san ba a yi wa mai rai. Yaron ya kashe su ke nan, ya binne su a gaban surukansa, don kada a tambaye shi ina ubansa mai gyara. Duk ƙazantar da Baba ya tono a cikin kayan mutane, bai taɓa jin ƙyama irin ta ranar ba, kuma wannan daga cikinsa ta fito.

Ya so ya mayar da kwaɗon, ya ce wa Maman Auta na'urar ta gagare shi. Amma idon fa? Idon ba zai jira wani faifan ba. Ya yanke shawara zai nuna mata, in an zo wurin teburin ya tsallake.

Da la'asar ya haɗa mata. Ta jawo kujera har hancinta na neman taɓa gilashin, ta karkata kai ta ɓangaren idon da ya rage. "Wayyo, ga shi! Ka ga kumatu! Malam, goshinka ne sak." Tana kuka tana dariya. Da ya ga an kusa wurin, ya ɗaga rimot.

"A'a, kada ka taɓa min komai," ta riƙe masa hannu. "Ko ƙiftawa ba na so ta wuce ni."

Teburin ya cika fuskar talabijin. Ta ƙura ido, ta daɗe, sannan ta dafa ƙirji.

"Malam, mu ne! Wallahi mu ne! Dubi, har fitila ya kunna mana, don kowa ya gan mu. Ka ga yana kuka? Kewarmu ce. Ɗan albarka, ashe bai manta da mu ba." Ta juyo wajensa. "Ka yi shiru. Ba ka ce komai ba."

Kalmar nan tasa ta kullum tana bakinsa, ta zo har kan harshe. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Na gani," ya ce.

"Mayar min baya in ƙara ganin wurin."

Ya mayar mata.