Wayar Tagulla a Bakin Yayana

Malam Edita, ka ba ni ɗan fili in sauke abin da ya daɗe a cikina. A zamanin Faransi ni saurayi ne a Zangon Sokode, ina bin yayana fataucin shanu zuwa Dapaong. Abu biyu aka san ni da su: barkwanci da ciniki. Ni ne mutumin da zai taya ƙwai tun hantsi har kazar ta gaji ta ƙyanƙyashe shi. Yayana kuwa dillali ne, bakinsa ne gonarsa. In ya yabi tsohuwar saniya, mai ita ma sai ya ji kamar ya fasa sayarwa.

Wata ranar kasuwa a Dapaong wani bijimi ya sheme shi da ƙaho a haɓa. Muƙamuƙin ya karye, bakin ya karkace, magana ta ɗauke. Wani malamin asibiti ya duba shi, ya ce gyara ɗaya ne: a kai shi Sokode, lokotoron Bature, wato likita, ya ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da wata farar waya har ƙashin ya haɗe. Da na haɗa kuɗin kamiyo, babbar motar da za ta kai mu, da na jinya, sai na ga ɗan maraƙi sukutum zai tafi. Na tambaya ko ana ragi, ya ce can ba a tayi. Wallahi wannan ce ta ɓata mini rai. A gidanmu, wanda ya biya kuɗin farko ba tare da ya taya ba, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Sai na shiga zagaye kamar mai neman tunkiyar layya. Mai ɗori ya ce zai naɗe kan da tsumma a kan zakara ɗaya, amma bai ɗauki alkawari ba. Wani maƙeri kuma ya ce ya taɓa leƙen yadda Bature ke yi, yana da wayar tagulla ta mundaye, zai yi a kan akuya. Na taya shi tun azahar, na tashi na dawo sau uku, har ya sallama a kan zabi biyu. Ranar na ji kaina ya fi Dapaong girma.

Ga inda nake jin kunya. Yayana yana kwance a tabarma yana jin komai. Ya kama rigata, ya miƙa hannu kudu, hanyar Sokode. Na gane sarai. Amma mahauta sun taru, ni kuma ban iya ganin taro in ƙyale ba. Sai na ce musu Yaya yana cewa a ƙara rage zabo ɗaya. Aka kwashe da dariya. Ya sake nunawa, hawaye na zuba, na ce yanzu kuma yana cewa ko saniya za a ɗaure wa baki ba za a biya haka ba. Mutum huɗu suka danne shi, maƙerin ya murɗa wayar da awartaki. Ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irin wannan gurnanin ba, amma a lokacin cewa na yi yau Dapaong za ta huta da surutu. Har tsire na ci a gabansa, ina tambayarsa ko in ajiye masa tsinken.

Kwana goma bakin ya kumbura ya yi kore, wari ya hana kowa zama kusa. Dole na sa shi a kamiyon nan da na guda. Lokotoro ya kwance wayar, haƙora suka biyo ta, ya yanke ruɓaɓɓen ƙashi. Ya sa tafinta ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Ni mai baki, ranar ƙasa na kalla. Maraƙin da na yi rowarsa ya tafi, uwarsa ma ta bi shi.

Yaya ya rayu, amma haɓarsa ta zauna a gefe, maganarsa sai matarsa ke ganewa. Dillanci ya ƙare. Mutumin da ake tashi a ba shi wuri a kasuwa ya koma riƙe igiya. Bai taɓa zagina ba, da ma ya zage ni. Yau gemuna ya fara fari, Yaya a gidana yake, ni nake daka masa nama a turmi kafin ya iya haɗiya. Har yanzu ina ba mutane dariya, hali ne. Amma duk sanda na fara labari a zaure jama'a suka dara, sai ya ɗaga hannu a hankali ya nuna kudu. Nan take labarin ke mutuwa a bakina.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, ku taya shanu, ku taya goro, amma kada ku taya jikin mutum. In marar lafiya ya kasa magana ya ɗora amanarsa a bakinka, faɗi abin da ya ce, ko da ba wanda zai yi dariya.