Watan da Na Gani a Kife

Kwanakin baya ina neman allura a akwatin innata sai hannuna ya faɗa kan wata ƴar baƙar roba mai murfi, irin wadda ake saka fim ɗin hoto a da. Ta cika ta da maɓallai. Na daɗe riƙe da ita har inna ta tambaye ni ko lafiya. Bari in gaya maka abin da robar ta tuna mani.

A shekarar ne yajin aiki ya rufe lakkwal, wato makarantarmu ta boko, a Tawa. Muka yi ta zuwa muna tarar da aji a kulle, har aka ce kowa ya koma gida. Ni ba na ƙwallo, ba na zaman fada, wato majalisar hira, da samari. Mushenmu na kimiyya, wato malaminmu, ya ga ina ta juya littafi ɗaya na taurari, sai ya ara mani madubin hangen nesa, wani farin bututu kamar taɓarya mai ƙafa uku, da tsohuwar kyamara da fim guda. Umarni ɗaya ya ba ni: kada in kuskura in buɗe madubin da rana, ido zai ƙone. Na rubuta wannan a shafin farko na littafina, na ja layi biyu.

Da kayan na tafi ƙauyen kakannina kusa da Takanamat, tsakiyar watan Sha'aban, sanyi na ja da baya, gonaki duk kara. Kakata na ganina ta tafa hannu. "Angona ya zo da bindiga, zai harbo mana wata mu yi miya!"

Ban harbo komai ba. Wata ya cika a lokacin, na gan shi da ramukansa har gabana ya faɗi, amma in na tura bututun don in bi shi dama sai ya gudu hagu. Na rubuta cewa ƙafar madubin ta lalace. Hoto kuwa, sai in manna idon kyamara a bakin madubin, in riƙe numfashi, in danna, in rubuta lamba da lokaci. Ko ya kamu ko bai kamu ba, ba mai sani sai an kai fim ɗin wanki a birni.

Kakana shi ne mai ganin wata a ƙauyen, tun kafin a haifi babana. Ranar ashirin da tara sai maza su bi shi kan tudun duwatsu da ke yamma da rijiya, in ya ce ya gani liman ya sa a buga ganga. Akwai rediyo a gidan mai gari, amma batir ya yi wuya, kuma ba su ɗauke ta sama da idon kakana ba. Abin da na lura da shi, don ni mai lura ne, yana lalube kafin ya kama buta.

Ana jibi za a duba wata ya kira ni bayan rumbu.

"Kai, ɗan lakkwal. Wagga taɓarya taka tana ganin jinjiri?"

"Littafi ya ce tana gani, Kaka."

"Ni ba littahi na tambaya ba." Ya rage murya. "Ka tsaya kusa da ni. Abin da ka gani, ka hwaɗa mani a kunne."

Ranar, da aka sallame magariba, muka hau tudun. Yamma ta yi ja, ƙanshin hayaƙin kara na tasowa daga gidaje. Na yi ta laluben sama, bututun na tafiya inda ban aike shi ba. Can sai ga shi, siriri kamar yankan farce. Na manna kyamara na danna sau uku, sannan na raɗa wa kakana na gani.

"Yaya yake zaune?"

"A kife yake, kamar an kifa ƙwarya. Ƙahonin na kallon ƙasa."

"Sake dubawa."

Na sake. A kife yake. Na ji numfashinsa ya sauka. Ya san abin da ban sani ba, cewa sabon wata ba ya kifewa, bayansa ke kallon inda rana ta faɗa. Sai ya ɗauka ba wata na gani ba. Liman ya matso ya ce, "Baba, an dace?" Kakana ya daɗe yana fuskantar yamma, sannan ya ce, "Ban gan shi ba." Ni kuma kunya ta rufe mani baki a gaban manya.

Washegari da hantsi, bayan an sha fura, motar kasuwa ta iso daga Tawa, direba da fasinjoji dukkansu da azumi a baki. Ƙauye guda muka ci bashin kwana ɗaya. Wani a bakin rijiya ya ce tsoho ya koma duba wata da idon jika. Da la'asar kakana ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa jama'a cewa yanar ido ta rufe masa gani tun bara, su nemi wani mai ganin wata.

Na gani ko ban gani ba? Bayan Salla na kai fim ɗin wurin mai hoto a Tawa. Ya miƙo mani shi ba ko hoto ɗaya, ya ce duk baƙi ne, ya ƙone. Sai da na buɗe masa littafina na nuna lambobin hotuna ukun da na ɗauka a tudu, ya yarda ya fitar da su. Biyu zane ne kawai na rawar hannu. A na ukun ga jinjirin nan, a kife, kamar yadda na faɗa.

Na kai hoton ƙauye na ajiye a tabarma. Kakata ta ɗauka, ta matso da shi kusa da hanci, ta juya shi a hannu. "To ga shi zaune daram. Kai ne dai ba ka iya riƙe takarda ba, angona."

Na kalli hoton, na kalli bututun da ke jingine a bango. Da aka koma makaranta mushe ya tabbatar: irin wannan madubi komai kife shi yake. Ya yi mamaki da bai gaya mani ba. Cikakken wata ba shi da sama da ƙasa, tauraro ma haka, rana kuwa an hana ni, ban taɓa leƙa ko itace da shi ba.

Yau ba mai hawa tudun nan. Labarin wata yana riga ganga isa ƙauyen. Ina da madubi nawa, kuma kafin in bar yaro ya kalli sama sai na sa ya leƙa kan bishiya, ya ga ta tsaya da ka. Abu ɗaya ne har yanzu ban warware ba. Da na ce wa kakana a zaune yake, zai ce wa liman ya gani? Ya yi shekara shida bayan haka, ina kai masa buta, ina ja masa hannu zuwa masallaci. Ban tambaye shi ba.