Ankon Da Na Ɗinka Ya Ci Hannun Ɗiyata

A lokacin ni ma'aikaciyar famasi ce a Manchester, muna zaune a Hulme, kuma ina cikin matan nan da ba a taro sai da su. Ɗiyata ta fari tana da shekara goma sha huɗu, Allah ya ba ta baiwar wasan tanis. Mai koya mata wata mata ce 'yar ƙasar Jojiya, ta kusa da Rasha, wadda ta yi shekaru tana yawon gasa ƙasa-ƙasa kafin ta ajiye raket. A shekarun nan na tsuke bakin aljihu council, wato ƙaramar hukumar garin, ta rufe filin da take aiki, amma baiwar Allahn nan ba ta watsar da yaran ba. Ta koma da su wani fili a cikin park, wurin shaƙatawar jama'a, ragar ma da igiya take ɗaure ta, ga ruwan saman garin nan da ba ya gajiya.

Da yarinyar ta samu gurbi a wata gasar matasa a Birmingham, sai kaina ya kumbura. Na bi gidajen ƙawayena tun daga Cheetham Hill har Fallowfield ina shela. Wata ta ce ai wannan sai da anko, ni kuwa na ce an gama. Aka aiko mana atamfa daga Kano, aka ɗinka, aka kama mota, aka yi dambun nama da cincin. Anko fa, don wasan tanis! Yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Saura kwana uku, malamar ta tare ni a bakin fili, ta ce wuyan hannun yarinyar na dama ya kumbura, tana ɓoyewa ne, kada ta buga. Ta zare ƙyallen da kullum ke naɗe a nata hannun, ta nuna mini tabon ɗinki har biyu. Ta ce tana ganiyar tashe aka matsa mata ta buga da irin wannan ciwo, aka yi mata allura ta shiga fili, daga nan sai ta yi ta ja da baya har ta haƙura. Ni kuwa ba hannu nake gani ba, fuskokin ƙawayena nake gani. Na ce mata baƙin ciki ne, don ita ba ta kai ko'ina ba shi ya sa take son daƙile mini 'ya, wadda ta ƙare a fili mai yagaggiyar raga har tana da bakin ba ni shawara. Na yi mata tas a gaban yara. Ta mayar da ƙyallenta ta naɗe.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san aikin magani, na san yana rufe zafi ne, ba ya warkar da jijiya. Duk da haka da hannuna na ba yarinyar ƙwaya a mota, na ce ta daure kada ta ba ni kunya. Muka jeru cikin ankonmu, wata har da guɗa, sai da alƙalin wasa ya roƙe mu mu yi shiru. Ba a yi nisa ba yarinyar ta kai wa ƙwallo duka, raket ya suɓuce, ta durƙusa tana riƙe da hannu. Wadda ta fara isa wurinta ita ce matar da na zaga. Ashe jirgin ƙasa ta biyo, ta tsaya can baya ba mu gan ta ba.

A asibiti aka ce jijiya ta tsinke, aka yi aiki, tanis kuma ya ƙare ke nan. Masu ankon fa? A hanyar dawowa suka cinye dambun, wadda ta kawo shawarar atamfar ma ita ce ta fara cewa dama me ya kai 'ya mace tsalle-tsalle a gaban jama'a. Tir! Wallahi har yau in na gan ta sai zuciyata ta tafasa, amma na fi jin haushin kaina, don ba ita ta haifi yarinyar ba.

Na je har gida na ba malamar haƙuri. Ta ce ta yafe, amma ba nata hannun ne ya lalace ba. Ɗiyata ta girma, tana girmama ni, sai dai in abu ya dame ta, waccan matar take fara kira.

Iyaye mata, in wanda ya san ciwo ya ce ku dakata, ku dakata, ko da kun gayyato gari. Surutun mutane na sati ɗaya ne. Atamfar tana nan a ƙasan akwati ko koɗewa ba ta yi ba, ɗiyata kuwa har yau da hannun hagu take ɗaga buta.