Ciwon Hannun Inna da Aminiyarta

Ƙuli-ƙuli mahaifiyata take yi a Cadawa. Ita da aminiyarta, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, tare suke suyar gyaɗa, tare suke matsar mai, tun ban san kaina ba. Gwaggo muke ce mata, ko da yake ba mu haɗa jini ba.

Ina koyarwa a wata lakol a Gidan Rumji lokacin da hannun Inna ya fara ciwo. Da safe yatsunta sukan sandare, ko buta ba ta iya ɗauka sai rana ta ɗaga. Gaɓoɓin suka kumbura, dama da hagu, daga baya gwiwa ta karɓa. Aka ce amosani ne, aka jiƙa saiwoyi, aka yi tsaga, ba sauƙi. Sai wani mai magani da ke bin kasuwanni ya dubi hannun ya ce jifa ne, kuma wanda ya yi shi na kusa ne, sun sha cin abinci a ƙwarya ɗaya. Bai kama suna ba. Inna ce ta zauna ta yi tunaninta, ta daina shiga gidan Gwaggo. Ba faɗa, ba zagi. In Gwaggo ta aiko da kunu, sai Inna ta sa a zubar a bayan ɗaki.

Da na zo hutu na ga yadda ta rame, na lallaɓa ta muka shiga mota zuwa Maradi. Likitar da ta gan mu mace ce mai haƙuri. Ta sa aka ɗibi jini, da muka koma karɓar sakamako ta jawo kujera kusa da Inna, ta yi mata bayani da Hausa, a hankali.

Ta ce a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gadin jiki, ana ce masu ƙwayoyin T, kowace da irin cutar da ta sani. In ɗaya ta haɗu da tata cutar, sai ta yi ta rabuwa, ta zama da yawa, dukkansu kamarta sak, su taru su yaƙe ta. To a irin wannan ciwo, wasu daga cikinsu sukan ruɗe, su ɗauki gaɓoɓin mai jikin a matsayin baƙo. Su ma sai su hayayyafa, kowace ta gaji kuskuren uwarta, su cika gaɓa, su kira sauran masu gadi, kumburi da zafi su tashi. Ta ce har yanzu masana ba su gama gane abin da ke ruɗa su ba, kuma ciwon ba ya warkewa ɗungum, amma akwai maganin da ke kwantar da shi.

Inna ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “To ɗiyata, wa ya turo mani su?”

Likita ta ce, “Ba wanda ya turo su, Inna. A jikinki aka haife su.”

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Inna tana kallon hannunta a kan cinya, ta ce ashe 'yan gida ne. Ta ce ba za ta tsine masu ba, tunda su a ganinsu kare ta suke yi.

Da muka sauka ba ta shiga gidanmu ba, ƙofar Gwaggo ta nufa, ina biye da ita da ledar magani. Muka tarar da Gwaggo tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Inna ta tsaya a kanta ta ce, “Na zarge ki da abin da ba ki yi ba. Ki yafe mani.”

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce ta sani tun tuni, kuma zargin bai yi mata ciwo kamar kunun ba, don da hannunta ta dama shi, da tsamiya yadda Inna take so. Ta daɗe tana ɓarar gyaɗarta. Daga baya ta matsa gefen tabarma, Inna ta zauna da ƙyar, Gwaggo ta kama yatsun nan tana juya su, tana faɗa wai don me aka bari suka kai haka.

Maganin ya rage kumburin, amma yatsun da suka karkace ba su miƙe ba, Inna ba ta sake matsar mai ba. Yanzu zama take yi kusa da murhu, da ƙamshi take gane gyaɗa ta soyu, Gwaggo da jikokinta suna matsa, suna gardamar gishiri. Gwaggo ce ke tuna mata ranar shan ƙwayar maganin da take sha sau ɗaya a mako, ita ce kuma ta karɓe ni wajen raka ta Maradi. Ta ce ni in tafi in ji da 'yan lakol ɗina, ita ta fi ni iya yi wa likita tambaya.